Gurumi da kalangu suna nutsewa idan na haɗa kiɗan: ina ya dace a taɓa da EQ?

Lawali, Bukoki (Yamai):

Assalamu alaikum, malamai da ƴan uwa. Ina neman shawara a kan wata waƙa da nake haɗa sautinta a ɗakina. Kayan kiɗan su ne gurumi, kalangu, ƙwarya, jitar bas, da piyano ta Yamaha wadda ke riƙe da dogon amo a baya, sai muryar mawaƙi namiji. Kowanne yana da layinsa a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta. Gurumi, kalangu, ƙwarya da murya na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da makirufo SM58, bas da piyano kuwa ta waya suka shiga kai tsaye. Idan na danna solo na saurari kowane layi shi kaɗai, babu wanda zan kushe, amma da zarar na sake su gaba ɗaya sai sautin ya cunkushe, gurumin ya nutse, kalangun kuma ya yi nisa. Da EQ, wato na'urar ƙara ko rage ƙarfin wani zango na sauti, na ƙara wa gurumi 6 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) wajen 4,000 Hz (ma'aunin zango, ƙaramar lamba amo mai kauri, babba amo siriri), ya fito sosai, sai dai kalmomin mawaƙin suka daina fita. Ban da wannan, bas ɗin da ke girgiza ɗakina ba a jin sa ko kaɗan a salula.

Sani, Yantala (Yamai):

Wa alaikumus salam, Lawali. Kafin ka ƙara wa kowane layi wani abu, fara da share ƙasan sautin da ba shi da amfani. Makirufo yana kwaso rugugin babura daga titi, da motsin fanka, da taka ƙafar makaɗi, kuma duk da cewa ba ka jin su a layi ɗaya, idan layi huɗu suka taru sai su zama nauyi. Sannan SM58 yana cikin makirufon da ke ɗaukar sauti daga gaba, irinsu kuwa suna ƙara kauri duk lokacin da aka kusanto da su jikin abin da ake ɗauka. Ni dai ƙa'idata ita ce in sa matatar yanke ƙasa a 100 Hz a kan kowane layi ban da bas, gurumi kuma in kai shi 150 Hz. Ka gwada, za ka ji wuri ya buɗe nan take.

Malam Illa, Tawa:

Sani ƙanena, share ƙasan sauti shawara ce mai kyau, amma lamba ɗaya ga kowane layi ban yarda da ita ba, musamman da irin waɗannan kayan kiɗa. Ƙwarya tana da murya biyu: akwai ƙarar zobba ko yatsu a samanta, akwai kuma dukan dunƙulen hannu a tsakiya, wanda shi ne yake tsayawa a madadin babbar ganga a waƙar da ba ta da ganga. In aka yanke ta a 100 Hz da matata mai tsauri, an cire mata ƙafar da take tsaye a kai. Kalangu kuma amonsa ba a wuri ɗaya yake zaune ba, domin makaɗi yana matse igiyoyin a hammata amon ya hau, ya sassauta ya sauka, da haka yake magana. Wanda ya saita matata yana sauraron lokacin da aka matse, zai yanke kalmomin da kalangun yake faɗa da ƙasan murya ba tare da ya sani ba.

Lambar daga kayan kiɗan take fitowa. Tsirkiyar jita mafi kauri tana kan 82 Hz, ta bas mai tsirkiya huɗu tana kan 41 Hz, saboda haka abin da ya zama shara a wannan, a wancan shi ne jigon amo. Abin da nake yi shi ne in bar dukkan layukan suna tafiya, in riƙa ɗaga matatar a hankali har in ji kayan kiɗan ya fara ramewa, sa'annan in koma baya kaɗan. Wani lokaci a 70 Hz nake tsayawa, wani lokaci in wuce 200 Hz, ya danganta da abin da ke kusa da shi a waƙar. Kuma matata mai gangaren 12 dB, wadda ke yankewa a hankali, ta fi mai 24 dB ko 48 dB sauƙin hali ga kayan fata da ƙwarya.

Hadiza, Wadata (Yamai):

Baba Illa ya faɗi wata magana da nake ganin ita ce tushen matsalar Lawali, wato barin dukkan layukan suna tafiya lokacin da ake gyara. Maɓallin solo yana da amfani wajen neman wata ƙara da ta ɓuya, amma ba a yanke hukunci da shi, domin babu mai sauraron da zai ji gurumin shi kaɗai.

Dalilin nutsewar gurumin kuwa a kunne yake. Idan sautuka biyu suna zango ɗaya ko suna maƙwabtaka, wanda ya fi ƙarfi yana danne ɗayan, kuma sauti mai kauri ya fi iya danne wanda ke samansa fiye da yadda na saman ke iya danne shi. To, ka duba abin da ka tara tsakanin 200 da 500 Hz: jikin gurumi yana can, jikin kalangu yana can, tsakiyar piyano tana can kuma ba ta tsayawa ko na daƙiƙa ɗaya, ƙirjin mawaƙin yana can, bas ma yana kai nasa can. Ai kowane amo ba lamba ɗaya ba ne. Akwai uwar amon, akwai kuma ƴaƴanta da ke zaune a ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu na lambarta, don haka bas ɗin da ke buga amon 110 Hz yana aika ƴaƴansa zuwa 220, 330 da 440 Hz.

Da ka ƙara wa gurumi ƙarfi a 4,000 Hz, ka bar cunkoson yadda yake, ka kai gurumin wani wurin da ya riga ya sami mai shi. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna yadda kunnen mutum yake jin zanguna daban-daban, kuma abin da aka sani shi ne kunne ya fi kaifi tsakanin 2,000 da 5,000 Hz. A wannan yanki da samansa ne baƙaƙe irin s, sh, ts da ƙ suke samun fitarsu, su ne kuma suke bambanta kalma da kalma. Ga abin da zan ba da shawara. Ka cire wancan ƙarin gaba ɗaya. Ka je layin piyano, ka rage 3 dB ko 4 dB wajen 300 Hz da yanka mai faɗi, Q ɗinsa, wato ma'aunin faɗin yankan, kusa da 1, kana sauraron gurumin, ba piyanon ba. Idan ka ji gurumin ya ɗago ba tare da ka taɓa shi ba, to ka samo mai danne shi. Idan har yanzu kana son a ji tsinkar yatsa a kan tsirkiya, ka ƙara masa 2 dB a ƙasa da inda muryar ta fi ƙarfi, misali tsakanin 1,500 da 2,000 Hz, ka bar wa mawaƙin abin da ke sama.

Abu na ƙarshe, duk lokacin da ka ƙara wani zango, layin gaba ɗaya ya ƙara ƙarfi, kunne kuwa yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi daɗi. Ka daidaita ƙarfin fita na EQ ɗin yadda kunna shi da kashe shi ba za su bambanta a ƙarfi ba, sa'annan ka kwatanta.

Sani, Yantala (Yamai):

Na karɓi maganar ƙwarya, Malam, domin ni da gangunan cikin kwamfuta na fi aiki. Amma Hadiza, kada a tsorata yaron da ƙari. Ana yawan cewa a rage kawai kada a ƙara, alhali tsofaffin na'urori irin Pultec, waɗanda aka fara ƙerawa a farkon shekarun 1950, sun yi suna ne da daɗin ƙarin da suke yi, har yau kuma ana kwaikwayonsu a cikin kwamfuta. Ƙari mai faɗi na 2 dB a sama da 8,000 Hz yana buɗe ƙwarya da tafi yadda ragewa ba za ta yi ba.

Hadiza, Wadata (Yamai):

Ban hana ƙari ba, yaya Sani, tsari kawai nake magana. A fara neman abin da ya danne, a rage shi, sai a ga ko ƙarin yana da sauran buƙata. Ƙari mai faɗi da ka ambata ba shi da laifi. Mai laifin shi ne ƙari mai tsini na 6 dB a daidai inda murya take.

Mamman, Talaje (Yamai):

Kafin a ci gaba da lambobi, Lawali, ka faɗa mana girman ɗakin, da abin da aka gina shi da shi, da inda lasifikokin suke. Maganar da ka yi cewa bas yana girgiza ɗakin ita ta sa na tambaya.

Lawali, Bukoki (Yamai):

Ɗakin mita 3 ne a kan mita 3, ginin siminti, rufin kwano da silin, lasifikokin suna kan tebur a jingine da bango. Na manna kwalayen ƙwai a bango biyu. Akwai kuma wani ƙugi siriri da ke kan layin bas ko da ba a buga komai ba, na sa yanka mai tsini a 60 Hz kamar yadda na gani a wani bidiyo, amma yana nan.

Mamman, Talaje (Yamai):

To, wani ɓangare na abin da kake ji ba ya cikin waƙar, a cikin ɗakin yake. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, a zafin bazara irin namu ma ya ɗan fi haka. Tsakanin bango biyu masu fuskantar juna akwai amon da ke kaiwa da komowa yana ƙarfafa kansa, ana samun lambarsa idan aka raba 343 da ninkin tazarar bangon. A naka ɗakin, 343 a raba da 6 ya ba da kusan 57 Hz, sai ninkinsa 114 da 171 Hz. Da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, bangon huɗu duka a kan waɗannan lambobin suke taruwa. Ma'ana, akwai amon bas da zai yi maka ruri a kusa da bango ya kusan ɓacewa a tsakiyar ɗakin, alhali a cikin fayil ɗin ƙarfinsa daidai yake da sauran. Wanda ya bi kunnensa a irin wannan ɗaki zai rage amon da ba shi da laifi, ya ƙara wanda ba ya buƙata.

Kwalayen ƙwai ba su da kaurin da za su taɓa wannan. Katifa mai kauri a kusurwa, labule mai nauyi, da shimfiɗa a ƙasa za su rage amsa-kuwwar tsakiya da sama, amma amon 57 Hz tsawonsa kusan mita 6 ne, katifa ɗaya ba ta shanye shi. Abin da ke hannunka ba tare da kashe ko dala ba shi ne ka janye lasifikokin daga bango, kada kujerarka ta zauna a tsakiyar ɗakin daidai, duk hukuncin da ya shafi ƙasa da 150 Hz kuma ka tabbatar da shi a kas ɗin kunne. Ka kuma sa wata waƙa da ka san an haɗa ta da kyau a layi na daban, ka rage ƙarfinta ya yi daidai da taka, ka riƙa komawa kanta. Idan bas ɗinta ma ya yi ruri a amo ɗaya da naka, ɗakin ne.

Buba, Tawa:

Ƙugin nan ba zai tafi da yanka a 60 Hz ba, domin mai bidiyon a Amurka yake, wutarsu ce 60 Hz. Tamu a Nijar 50 Hz ce, ƙuginta yana kan 50, ƴaƴansa a 100, 150 da 200 Hz, kuma sau da yawa ƴaƴan ne kunne ya fi ji. Ana iya bin su da yanka mai tsini ɗaya bayan ɗaya, sai dai a layin bas wannan asara ce, tunda amon bas ɗin kansa a wannan yankin yake. In kuma da injin wuta aka yi ɗaukar, lambar tana yawo yadda injin yake hawa da sauka, yankan sai ya riƙa kuskure ta. Mu masu jita abin da muke yi shi ne a zare cajar kwamfuta a yi ɗauka da batir, a canza wayar jita idan ta tsufa, a nisanci fanka da fitila mai sanda, mai bugawa kuma ya juya jikinsa a hankali har ya sami fuskar da ƙugin ya fi raguwa. Idan mai bas ɗin yana kusa, sake ɗaukar layin ya fi sauƙi.

Maganar salula kuwa ita ce ta fi damuna, domin a nan waƙa take rayuwa ko ta mutu. Waƙoƙin Mdou Moctar, ɗan wannan jiha tamu, ta salula da katin ajiya suka fara zagaya Sahara kafin wani kamfani na waje ya san da shi, kuma har yau yawancin masu sauraronmu da lasifikar salula ko ƙaramar rediyo mai Bluetooth suke ji. Lasifikar salula ba ta iya fitar da 50 ko 80 Hz, ko nawa aka ƙara. Abin da ke cetonmu shi ne kunne yana iya gane uwar amo daga ƴaƴanta ko da ita ba ta nan. Tsohuwar wayar tarho tsakanin 300 da 3,400 Hz kawai take ɗauka, muryar namiji kuwa uwar amonta tana ƙasa da 200 Hz, amma ba wanda ya taɓa kasa gane kaurin muryar mahaifinsa a tarho. Saboda haka ka ƙara wa bas 2 dB ko 3 dB a tsakanin 700 da 1,000 Hz, inda ake jin yatsa a kan tsirkiya, ko ka sa masa ɗan dakushewa kaɗan wadda ke haifar da sababbin ƴaƴa. A manyan lasifikoki ba zai canza sosai ba, a salula kuwa zai bayyana.

Malam Illa, Tawa:

Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ina ganin ya riga EQ. Lawali ɗana, ka duba hannun hagu na mai piyano. Masu Yamaha sun saba da wasan biki, inda mutum ɗaya yake cike wurin bas da ganga da komai, saboda haka hannun hagunsu yana sauka ƙasa ko da akwai mai bas. Idan haka ne a layinka, amo ɗaya mutum biyu suke bugawa, kuma babu yankan da zai raba su da kyau. Lamarin kamar motar Tawa zuwa Yamai ne: in an sayar wa mutum biyu kujera ɗaya, matsawa ba ta gyara tafiyar, sai ɗaya ya koma wata kujerar. Ka roƙe shi ya sake bugawa da hannun dama kawai, ko ya hau oktab ɗaya, wato ya buga amon nan dai amma a sama, ko ma ya yi shiru a baitocin da gurumi ke amsa wa mawaƙi. Ka kuma kashe amsa-kuwwar da ke cikin piyanon kafin ɗauka, domin sautukan waɗannan na'urori an riga an yi musu ado tun daga masana'anta don su cika wuri su kaɗai.

Sai inda aka ajiye makirufo. Gurumi ƙwarya ce da fata, in aka manna makirufo a fatar, kaurin da Sani ya ambata ne zai cika layin. A ja shi baya kamar taki ɗaya, a karkata shi wajen da wuya ya haɗu da jiki, sai a sami rabin gyaran tun kafin a buɗe kwamfuta. Kuma tunda a Yamai kake, ka riƙa zuwa inda ake buga waɗannan kayan da hannu, irin cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, ka zauna kusa ka saurara. Matasa da yawa suna gyara gurumi har ya koma jita, domin amon jita ne a kunnensu.

Hadiza, Wadata (Yamai):

Kalangun ne ya rage, kuma shi ne mai wuya saboda dalilin da Baba ya kawo. EQ irin wanda muke amfani da shi, mai barin mutum ya zaɓi zango da faɗi da ƙarfi, wanda George Massenburg ya gabatar da bayaninsa a 1972, yana tsayawa ne inda aka ajiye shi, kalangu kuwa ba ya tsayawa. Don haka yanka mai tsini a jikinsa zai kama wani amo ya bar wani, maganarsa ta fito wani wuri da ƙarfi wani wuri a raunane. Ka bar jikin nasa, ka nemi bugun sandar a fata, wanda ba ya motsawa sosai ko an matse ko an saki. Ka ɗaga zango ɗaya, ka zagaya da shi tsakanin 2,000 da 5,000 Hz har ka ji bugun ya matso, sai ka sauke shi zuwa 2 dB. Kada ka daɗe kana zagayawar, domin duk zangon da aka ɗaga da 10 dB zai yi kama da matsala, kunne kuma yana gajiya da wuri.

Tunda a yawancin waƙoƙinmu kalangu a tsakanin kalmomin mawaƙi yake magana, wannan ƙarin ba zai dame shi sosai ba. Inda suka haɗu kuwa, akwai EQ mai motsi, wanda ba ya ragewa sai lokacin da zangon ya wuce iyakar da aka sa masa. TDR Nova, ɗaya daga cikin irin wannan EQ, kyauta ne kuma yana aiki a FL Studio. Ana iya sa shi a kan piyano ko kalangu, a aika masa muryar, ya riƙa rage 2 dB a zangonta lokacin da mawaƙi yake rerawa kaɗai, ya saki idan ya yi shiru.

Lawali, Bukoki (Yamai):

Allah ya saka da alheri, malamai. Mai piyano ya sake bugawa ba hannun hagu, na rage masa 3 dB a 300 Hz, na cire ƙarin da ke kan gurumi, yanzu gurumin da muryar duka ana jin su. An sake ɗaukar bas da batir, ƙugin ya tafi, kuma da ƙarin 800 Hz ana jin sa a salula. Abin da ya rage shi ne dukan ƙwarya da bas. Na duba a na'urar nuna zango, dukan yana taruwa wajen 90 Hz, bas ɗin kuma yawancin amonsa tsakanin 55 da 110 Hz yake, idan suka faɗo tare sai dukan ya ɓace. Wanne zan rage?

Sani, Yantala (Yamai):

Ni da bas zan rage wa 3 dB a 90 Hz, in bar ƙwaryar.

Malam Illa, Tawa:

Ra'ayina ɗaya da Sani a kan wanda zai ja baya, tunda ƙwarya ce ke riƙe da rawar a wannan waƙa. Sai dai yanka na dindindin a 90 Hz zai raunana duk amon bas da ke kusa da wurin, har a inda ƙwaryar ba ta faɗo ba. Ka ɗauki na'urar da Hadiza ta ambata ka sa a kan bas, ka aika mata layin ƙwarya, ka saita zango ɗaya a 90 Hz ya riƙa sauka da 3 dB a daidai lokacin dukan, ya dawo da sauri kafin na gaba. Ka yi saitin da kas a kunne, tunda 114 Hz na ɗakinka yana kusa da wurin. In ka gama ka turo fayil ɗin a matsayin takarda, ba saƙon murya ba, don kada WhatsApp ya matse shi, mu saurara a nan Tawa a kan lasifikokin da ba na ɗakinka ba.